Askin Gemu a Wutsiyar Duniya

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya rataye duniyoyi ba ƙusa, ya ɗaure kowacce da igiyar da ido bai taɓa gani ba. Bayan haka, ku gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, Hankurau ɗan Barmo zai yi magana: wanzamin Gwalgwada ta duniyar Yalwatu, mai hannun auduga, mai askar da ba ta ganin jini sai da izini. Wanda ya ce yabon kai jahilci ne bai taɓa yin shekara arba'in da bakwai yana jiran a yabe shi ba.

Zalunci ne ya fitar da ni daga gida. Sarkin Askan garinmu ya rasu, aka tara wanzamai, aka tsallake ni, aka naɗa wani mai rawar hannu wanda in ya yi wa mutum aski sai an bi bayansa da toka. Hujjarsu wai na taɓa aske wa alƙali rabin gemu na tafi cin tuwo. Ba wanda ya ambaci cewa alƙalin ne ya fara, da ya ce gemunsa ya fi nawa tsari. Ina zaune ina cizon yatsa sai ga Ladingo, 'yar kawuna, taubashiyata, wadda tun muna yara ba ta da sunan da take kirana da shi sai bawanta. Sana'arta tuƙin kwale-kwalen igiya, irin wanda ke hawa can saman gajimare, inda kowa ke rataye goran numfashi a wuya. Ta ce in na gaji da kuka, ita ta san wani gari a bayan duniya mai maza dubu bakwai, ba gemu ɗaya a cikinsu da aska ta taɓa taɓawa. Kafin ta rufe baki na saɓa zabirata, na zura babbar rigata mai aska tara.

A hanya ta karantar da ni, ni kuwa na yi kamar na riga na sani. Duniyarmu, in ji ta, ƙaton maganaɗisu ce. Igiyoyinsa na fitowa daga kudu, su yi baka, su shige ta arewa, kuma kowace igiya tana da inda ta dosa, kamar ruwan kogi. Rana kuma tana huro wata iska wadda ba ta sheƙe hatsi: tururin wuta ne, abin da zafi ya kai shi inda shi ba ruwa ba, ba hayaƙi ba, ba garwashi ba. Tururin nan yana manne wa igiya kamar tsakiya a zare. Ya zame gaba, ya zame baya, amma ba ya tsallakawa zuwa igiyar maƙwabta. Haka ma ƙugiyar kwale-kwale. Iskar ranar nan ita ke danne igiyoyin da ke gaban duniya, wurin da matuƙa ke kira Goshi, ta kuma ja na baya su miƙe zuwa nesa, su zama Wutsiya.

Kwana tara muka yi a Goshi muna jira. Ladingo na da allura rataye da zare a cikin kwalba, ita take kallo safe da yamma kamar mai jiran haihuwar akuya. Ashe iskar rana ma da nata igiyoyin take zuwa. Muddin sun dosa arewa kamar namu, sai su goga kafaɗa su wuce, ba gaisuwa. Rana ta goma suka juyo kudu, suka yi gaba da gaba da namu. Na ga abin da idona, don tururi na haskaka su: tamu da baƙuwa suka matso, suka taɓa juna, suka tsinke tare, kafin ƙiftawar ido guntun kowacce ya kama guntun ɗayar ya ƙulle. Igiyar da muke kai ta wayi gari kanta ɗaya a arewacin Yalwatu, ɗaya a hannun iskar rana. Iska ta fizge ta, ta ɗauke mu ta bisa ƙoƙon kan duniya. Ladingo tana ba da labari wai na ƙanƙame ƙafarta ina kiran innata. Addu'a nake yi, kuma ƙafarta ce ta zo kusa.

Da muka daidaita ta ce in riƙe abu biyu. Duk igiyar da aka ɓare daga Goshi, a Wutsiya ake jibge ta. Sannan zuwa kyauta ne, amma komawa hanya ɗaya ce tak. A Wutsiya igiyoyin sama suna dosar gida, na ƙasa suna barinsa, tsakaninsu kuma akwai shimfiɗar tururi mai zafi da ake kira Tabarma, ita ke hana su haɗuwa. Ta kan Tabarmar nan ake silalawa a koma. In ta yanke tsakaninka da Yalwatu, abin da ke bayan yankan sai ya dunƙule kamar curin fura, a wurga shi cikin sarari inda ba a taɓa jin wanda ya dawo ba.

Ta sama muka sauko wa garin, wanda aka gina kan faifan ƙarfe a tsakiyar Tabarma. Sunansa Birnin Ƙeya, kuma sunan bai yi ƙarya ba. Kakanninsu masu narkar da tama ne, wani sarki ya kore su daga Yalwatu don hayaƙinsu ya baƙanta masa farin soro. Da suka iso nan, babbansu ya rantse idonsa da na zuriyarsa ba za su ƙara ganin duniyar da ta kore su ba. Rantsuwa ta zama doka: wanda ya waiwaya, a sa shi a kwando a sake shi cikin sarari. Suka gina doguwar katanga ta ɓangaren gida, suka juya kowace ƙofa da kowace taga suna kallon ƙarshen Wutsiya. Mai zuwa unguwar da ke kusa da katanga da baya-baya yake tafiya, da sanda yana lalube. Hira a jere ake yin ta, kafaɗa da kafaɗa, kamar masu sahu. Ko duban gefe rabin laifi ne. Ni da ban san dawan garin ba, ranar farko na ce wa mai masaukinmu ai waiwaye adon tafiya ne. Ranar nan da yunwa na kwana, baƙo guda, mai riga irin tawa.

Nan na gane sirrin gemunsu. In mutum ya zauna yana kallon inda doka ta yarda, wanda zai gyara masa fuska dole ya tsaya a gabansa, ya fuskanci gida. Don haka ƙeya kawai suke aske wa juna. Ka ga dattijo, ƙeya sumul kamar ƙwai, gaba kuwa kurmi, sai ya ɗaga gashin baki da hannu kafin ya sha kunu.

Aikin da suke taƙama da shi yana gabansu, tafiyar rabin yini, wani wuri da ake kira Matsattsa, inda Tabarma ke sirancewa. Kakanninsu sun taɓa ganin ta yanke a wurin, ƙarar da hasken suka firgita su. Tun daga ranar suke hura hayaƙin tama a cikinta da zugazugai masu girman ɗaki, ana karɓa-karɓa, don hayaƙi mai nauyi yana hana igiyoyin sama da na ƙasa taɓa juna. Shugabansu, Magaji Tunau, tsoho mai gemu har cibiya, ba ya gama gaisawa da baƙo sai ya gaya masa shekara sittin ke nan ko zare bai tsinke ba.

Wanzamin banza da ya juya. Ni sai na ciro madubina. Garin hayaƙi ne, komai baƙi ƙirin, ruwa ma a gora mai ƙaramin baki suke sha, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Na zaunar da wani maƙeri a lungu, na tsaya a bayansa, idona na kallon inda doka ta ce, na ba shi madubi ya riƙe a gabansa, na zagayo da hannuna na aske shi tas. Da ya ga haɓarsa sai da ya yi mata sallama. Kafin la'asar layi ya kai ƙofar kasuwa, ana ta kawo mini ƙosai da kaji, mai masaukin da ya hana ni tuwo yana roƙon a sa shi gaba.

Rana ta huɗu na ce hannun da ya gyara gari ya kamata ya gyara mai shi. Lungunan duhu ne da su, sai na hau soron masauki, wanda ya ɗara katanga tsawo, na juya baya yadda ya kamata, na ɗaga madubi ina shafa wa gemuna man alayyadi. Ina cikin yaba aikin Ubangiji sai na hango wani abu ta saman kafaɗata. Ga Yalwatu can, shuɗiya, ƙarama kamar ƙwan kurciya. Ga Tabarma ta miƙe zuwa gare ta tana haske ja-ja. Amma a tsakiya ta tsuke kamar wuyan gora, igiyoyin sama da na ƙasa sun lanƙwaso suna leƙen juna.

Na kira Ladingo, na ba ta madubi. Ta daɗe tana kallo.

"Hankurau," ta ce, "kwana uku. In Allah ya yi mana sauƙi, huɗu."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar. Ta ce lissafin a fili yake. Shekara sittin ana jibgo igiyoyi daga Goshi, su kuma sun toshe wurin da kayan ke saukewa. Matsi ya rasa mafita a gabansu, ya koma nema a bayansu, inda ba mai dubawa. Ba zan ɓoye muku ba, abin da na fara cewa shi ne mu kwance kwale-kwale mu gudu. Ta ce daga nan zuwa wuyan goran tafiyar kwana biyar ce, za mu isa mu tarar ba hanya. Ko garin ya tsira mu tsira, ko mu tafi tare a curi ɗaya. Na ce to ta je ta gaya wa Magaji. Ta ce in ya tambaye ta yadda aka yi ta gani fa, kwandon mutum ɗaya ne ko na biyu?

Nan fa aka zo inda ake neman mai kai, kuma a soron nan mutum ɗaya ne ke da shi. Na aika wa Magaji cewa bai dace talakawa su riga shugaba kyau ba, amma gemu irin nasa ba a taɓa shi a lungu, sai a soron fada, inda haske yake. Ya zo da fadawa, na ce sirrin aski ba ya son ido, suka sauka. Na ɗaura masa ƙyalle, na jiƙa gemun, na ba shi madubi. Ya ga fuskarsa, ya ce ashe da mahaifinsa yake kama. Na yi ta aiki ina ba shi labarin alƙali har ya saki jiki. A ƙarƙashin muƙamuƙinsa, cikin kurmin, na tarar da wani maruru ya nuna, ya yi ƙyalli. Ya ce wata biyu ke nan yana hana shi barci, kullum yana danne shi da tsumma kada ya fashe.

Da aska ta zo daidai maƙogwaro, lokacin da ko sarki ba ya motsi, na sa yatsa na ɗan karkata madubin.

Na ji numfashinsa ya tsaya a ƙarƙashin hannuna.

"Wanzam, mene ne wancan?"

"Ranka ya daɗe, ni gemu nake kallo. Me Magaji ya gani?"

"Ka sa na karya rantsuwar kakana."

"Allah ya ja zamanin Magaji, ina ƙeyarka take kallo?"

"Baya."

"Idonka fa?"

Ya ƙura wa madubin ido. Na ce in kallon gaba laifi ne, to a kawo kwando, amma a zaɓo babba, don mu biyu ne, kuma ni ba na son matsi. Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Bai sauke madubin ba kuwa. Ya ce ashe shuɗiya ce, su an gaya musu baƙa ce. Sannan idonsa ya sauka kan wuyan goran. Mutumin da ya shekara sittin yana gadin Matsattsa ba ya bukatar a fassara masa abin da ya gani.

Na faɗa masa shawarar Ladingo, amma a matsayin tawa, don shawara tana son baki mai daɗi. A kwashe zugazugai daga Matsattsa, a kai su kan katanga, a hura hayaƙi ta baya a riƙe wuyan goran, a bar Matsattsa ta yanke. In ta yanke a can, garin yana ɓangaren gida. Ya ce har abada, ba a zamaninsa za a ce igiya ta tsinke ba, da wane ido zai dubi kakanni. Na bar shi ya gama. Na ɗumama tsinin aska, na ce ya ɗaga haɓa, na tsaga marurun ta ƙasa, inda zai zube waje. Ya damƙi gwiwata har sai da na ji ƙashi, sannan ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Da ka bar shi fa?" ya ce.

"Da ya zaɓi wurinsa da kansa, ranka ya daɗe. Ta ciki yake nema."

Ya zauna yana taɓa wurin da yatsa. Can ya ce in kira masa fadawa, in kuma ƙarasa askin da sauri.

Magaji ya yanke hukunci a bainar jama'a cewa in ƙarfe ne ya waiwaya ya gani, ba mutum ne ya waiwaya ba. Maƙera suka kwana ɗaya suka wuni suna goge farantan ƙarfe da yashi da toka har suka yi ƙyalli kamar madubi. Aka jawo zugazugai aka ɗora a katanga, bakinsu na kallon gida, masu hurawa sun ba su baya, kowa da farantinsa a gaba. Sai ga wata sabuwar matsala. Hannun da bai saba da madubi ba, in ka ce masa dama sai ya yi hagu. Hayaƙin farko a unguwar Magaji ya sauka, na biyu ya tafi sama. Duk faɗin Wutsiya mutum ɗaya ne ya san yadda ake aiki da hannu ido na cikin madubi. Na hau turmi, na sa ƙarti ɗari uku a gabana, na ba kowa tsinke na ce ya taɓa kunnensa na hagu yana kallon faranti. Wanda ya tsokane ido ya koma baya. Kafin rana ta biyu ta yi tsaka, hayaƙi na tafiya santal kamar an ja shi da zare, wuyan goran ya ɗan kumbura. Aka fara yi mini kirari. Ban hana ba, don hana mutane faɗin gaskiya ba kyau.

Amma aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Matsattsa ta ƙi yankewa. Hayaƙin shekara sittin ya yi mata kanta, ga tama na ƙarewa a rumbu, ga wuyan goran ya soma komawa yadda yake. Ladingo ta ce sai an je an tsaga da hannu. Igiyoyin nan suna son ƙarfe kamar yadda ƙuda ke son zuma. In aka kai babbar uwar maƙera ta garin, ƙaton ƙarfen da ake ƙira a kansa, aka ajiye a tsakiyar Tabarma, na sama za su sunkuyo, na ƙasa su ɗago, su haɗu a kanta. Na ce dabara ta yi, Allah ya kiyaye hanya. Ta ce a gaban Magaji da jama'a, ai bawanta ya riga ya roƙe ta kada ta tafi ba shi, don wanzami ne ya san inda ake tsagawa. Jama'a suka ɗauki guɗa. Wanzami ba ya son jarfa, amma ya fi ƙin a ga tsoronsa. Na gyara rigata na shiga.

Muka ɗaure uwar maƙera a gindin kwale-kwale da igiyar rama riɓi huɗu. Ta ba ni kwalbar allura ta ce in zama idonta. Inda allura ta rasa alƙibla ta kama juyi, nan ne ainihin wurin. Bayan an yanke kuma, in kanta ya ɗaga sama muna ɓangaren gida, in ya sunkuya, in yi kalmar shahada da ƙarfi don ita ma ta samu.

Matsattsa wuri ne mai ban tsoro. Sama igiyoyi jibge kamar damin dawa suna gudu zuwa gida, ƙasa wasu suna gudu zuwa inda ba kowa, tsakani zafi na lasar fuska, gashin gemuna kowane ɗaya ya miƙe ya rabu da ɗan'uwansa. Na sa ta yi gaba, na sa ta dawo, na sa ta ƙara gaba kaɗan, kamar yadda nake lalubar maruru da yatsa. Sai allura ta saki jiki ta kama juyi kamar mai bori. Na ce nan.

Niyyarmu mu kwance ƙarfen mu ja da baya mu yi kallo daga nesa. Igiyoyin ba su jira mu ba. Suka rufto daga sama da ƙasa, suka matse kwale-kwale har katakonsa na kuka, ƙugiyarmu ta cije ta ƙi motsi. Wani farin haske ya tashi a kan uwar maƙera. Na duba kwalba. Allura ta daina juyi, kanta ya fara sunkuyawa a hankali, kamar mai jin kunyar suruki.

"Uwar ɗakina, ta sunkuya."

Ladingo hannunta biyu na kan akala, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Ta ce lokacin da igiya ta rabu, kafin ta ƙulle, ƙugiya za ta saki na numfashi ɗaya. A cikin numfashin nan in raba mu da ƙarfen, in tura shi baya iyakar ƙarfina.

Na ciro askar da ubana ya bar mini. Na ji ƙugiya ta yi sako-sako. Igiyar rama riɓi huɗu, shafa ɗaya na yi mata. Na jingina bayana da katako, na sa ƙafa biyu na tunkuɗa. Uwar maƙera ta yi can, mu muka yi nan, tazarar da ba ta fi tsawon tabarmar salla uku ba. Hannun rigata kuwa ya sarƙe a guntun igiyar, ta zare daga jikina ta kaina, ta bi ƙarfen. Allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta ɗaga kai.

Abin da ya biyo baya, baki ya yi kaɗan. Guntayen sama suka kama guntayen ƙasa, suka ƙulle, suka ja da baya kamar danƙon da aka saki. A bayanmu rabin Wutsiya ya dunƙule, curi mai girman ƙasashe, yana walƙiya, ya tafi da hayaƙin shekara sittin da uwar maƙera da rigata mai aska tara, wadda har yau ba wanda ya yi mini jajenta. Mu kuwa aka harba mu gida cikin kogin tururi, tafiyar rabin yini muka yi ta kafin a gama cin goro ɗaya. Igiyoyin da suka shekara sittin a miƙe suka sassauta, suka ja Birnin Ƙeya da faifansa da katangarsa zuwa kusa da Yalwatu, tukwane na faɗuwa, awaki na kuka, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Wuyan goran ya buɗe ya yi faɗi kamar bakin ƙwarya. Tururin da aka saki ya bi igiyoyi ya zuba a arewa da kudun duniya, sai ga rawani kore da ja ya naɗe kawunanta biyu yana kaɗawa.

Haka na shiga gari daga ni sai wando, tumbi a waje, a gaban mata da maza. Aka lulluɓa mini wani baƙin bargon maƙera mai warin gawayi, aka ɗauke ni a kafaɗa. Magaji ya kafa sabuwar doka: Matsattsa a bar ta ta riƙa yankewa kaɗan-kaɗan yadda ta ga dama, a kuma sa masu faranti a katanga dare da rana. Ya roƙe ni in zauna, gida da mata da sarauta. Na yi wata guda ina koya wa mutum goma riƙon aska, uku daga ciki ba laifi. Amma hanyar da na yi tsirara don ta tsira, ba zan bar ta ba tare da na taka ta ba.

Ranar tafiya mai masauki ya ba mu haƙuri. Ya ce a garinsu ba a raka baƙo, ba a taɓa ganin tafiyar kowa ba, don mai komawa gida ta bayansu yake bi. Muka fita ta ƙaramar ƙofar katanga, Ladingo ta maƙala ƙugiya, muka fara silala kan Tabarma, Yalwatu a gabanmu ƙatuwa kamar faifai, har ana rarrabe koguna. Da muka yi nisan kiran salla sai na ga haske na wasa a kan katakon kwale-kwale. Na waiwaya.

Duk garin ya hau katanga. Dubban ƙeyoyi a jere, kowace da faranti a sama, suna kaɗa mana hasken rana. A tsakiyarsu mutum ɗaya ne ba faranti a hannunsa. Magaji Tunau ne, ya juyo gaba ɗaya, haɓa a aske, ya sa tafin hannu a goshi yana kallonmu da idonsa, mu da duniyar da ke bayanmu. Na kusa da shi suna ganinsa sarai a cikin ƙarfensu, ba wanda ya je neman kwando.

Na miƙe tsaye cikin bargona na ɗaga masa hannu biyu. Ladingo ta ce in zauna kada in kifar da mu, bawan banza, sannan ta juya fuska tana goge ido da gefen mayafi, wai tururi ne.

Iyakar abin da ya faru ke nan, ban ƙara ko gashi ɗaya ba. Wanda ya gaskata, Allah ya ba shi lada. Wanda ya ƙaryata, ya zo gobe da safe ya zauna a gabana, ya ɗaga haɓa, sai ya maimaita.